Rugar da Na Ajiye Cikin Salula

Shekarar da projenmu na agaji ya tura ni anketi, wato bincike, arewacin Dakoro, na ɗauki kaina masanin daji, alhali ko akuya ban taɓa kiwo ba. Muka iske wata rugar makiyaya da fari ya kashe wa dabbobi. Na rubuta buƙatunsu, na danna wurin a taswirar salulata.

Direbanmu, Malam Idi, ya ce, "Ɗana, tambayi Arɗonsu rijiyar da za su nufa nan gaba."

Na yi masa murmushin masu ilimi. "Baba, ai an wuce wannan zamani. Ga su nan cikin salula, ba inda za su."

Bayan sati uku na jagoranci kamyo, babbar motar kaya, cike da hatsi da dusa, shugabarmu na zaune a gaba. Da salula ta ce mun iso, na diro, na gyara riga, na rangaɗa sallama. Shiru. Duwatsun murhu ne kawai a wurin, sai busasshen kashin shanu.

Shugaba ta dube ni, ta dubi kashin. "To, wanne ne mai gidan? A fara ba shi buhu."

Kwana biyu Malam Idi na bin rijiyoyi yana tambaya kafin mu cim musu. Da Arɗo ya ji labari, ya yi ta dariya har rawaninsa ya kwance.

Har yau in muna tafiya Malam Idi ya hangi kashin shanu a hanya, sai ya taka burki, fuska a ɗaure, ya ce, "Ɗana, sauka ka gai da mutanenka."