Sannu-Sannu Ta Cika a Kan Tabarmar Wake

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da har yanzu yake yaji, ni Malam Naziru, malamin firamare kuma sakataren ƙungiyar manoman gyaɗa ta ƙauyenmu a ƙasar Ɗanbatta, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da Sannu-Sannu. Ta cika ranar Talata da azahar a kan tabarmar shanyar wake, tana da shekara goma sha ɗaya a hannuna, ban da waɗanda ta yi a hannun wani Bature da ba mu san shi ba.

Marigayiya mai natsuwa ce, ba a taɓa ganin ta yi gaggawa ba. Nakan kunna ta da safe, in je gona in zaga, in dawo in tarar yanzu take buɗe ido. Ba ta taɓa tona asirin kowa ba, domin ni mai ita ma sai na yi rabin sa'a ina roƙo kafin ta nuna mini takarda. Da sanyi kajin gidanmu a gefenta na hagu suke kwanciya, inda take fitar da iska mai ɗumi, har wata ta ƙyanƙyashe a wurin. Za mu daɗe muna tuna “fuuuu” ɗinta idan an ba ta aiki, da “ƙir-ƙir-ƙir” idan ranta ya ɓaci.

Amma babbar amanar da take riƙe da ita muryar mahaifinmu ce. Shekara guda kafin Baba ya rasu na ɗauki hirarsa yana ba da labarin noman gyaɗa na zamaninsu, kuma babu ita a ko'ina sai a cikinta. Yakan fara da tari sau biyu. A tsakiyar hirar sai ya katse ya ce, “Ke Kulu, ina kunun nan?” Duk Juma'a nakan kunna wa mahaifiyarmu Inna Kulu, duk Juma'a kuma sai ta amsa, “Ga shi nan, Malam.”

Ciwo ya soma bara. Na kai ta wurin Kamaruddeen mai gyara a Bacirawa, ya duba ya ce ko a ƙara mata ƙwaƙwalwa a canza mata faifan ajiya da mai sauri, ko a yi mata ritaya in zaɓi ɗaya cikin biyu da ya ajiye gabana. Ɗaya Siririya ce, sabuwa, ba nauyi, kafin ka taɓa ta ta tashi, amma a liƙe take, ba a ƙara mata komai. Ɗayar Ƙatuwa ce, ta hannu, nauyinta ya kusa na dutsen niƙa, amma cikinta da fili, har da gurbin faifai na biyu. Ya ce ko me zan zaɓa, in kwashe abin da ke cikin tsohuwar a ranar. Na ce masa sai na yanke shawara tukuna.

Wata takwas ina yanke shawarar nan. Na tambayi direbobin tasha, na tambayi mai shayi, na tambayi liman. Na kai maganar taron ƙungiya aka kaɗa ƙuri'a, aka yi kunnen doki, shugaba ya ce shi ba ya shiga tsakanin mata biyu. Idan na kwana da son Siririya, sai in tashi da tausayin Ƙatuwa, kafin la'asar kuma na koma kan ƙarin ƙwaƙwalwa. Ban kwashe komai ba. Wannan laifina ne, kuma yana cin raina.

Ranar Talata ina Bacirawa ina sake kallonsu karo na tara, Inna ta ga kiyashi na fitowa a jere daga tsakanin maɓallan marigayiya, inda garin ƙuli-ƙulin shekara goma sha ɗaya ya taru. Hankalinta ya tashi, ta ga ƙwari za su cinye mata Malam. To Inna kuwa shekara arba'in ƙwaro bai taɓa huda wakenta ba. Ta tankaɗe toka mai laushi, ta daka barkono, ta cika kowace kafa, ta rufe, ta shanya ta a rana tun hantsi. Da rana ta take sai ta juya ta, don ɗaya gefen ma ya samu.

Da na dawo na danna, marigayiya ta yi “fuf” ta feso toka, duk gidan muka kama atishawa. Ta ce “tit, tit, tit,” ta yi shiru. A faɗi gaskiya, kiyashi ko ɗaya bai rage ba. Inna ta dube ni ta ce, “Ɗan'auta, Malam yana ciki dai ko?” Nan take na kira Kamaruddeen.

Da yamma ya zo ya ciro faifan ajiyar. Ya ce ya sha zafi, wataƙila ya juya, wataƙila kuma a'a. Ya ce idan Siririya na ɗauka sai a haɗa faifan da waya daga waje, idan Ƙatuwa ce zai shiga ciki ya zauna. Na kawo wa Inna maganar, ta ce, “Malam ba akuya ba ne da za a ɗaure shi da igiya a waje.” Shawarar da ta gagare ni wata takwas, ta yanke ta tana tsince wake. Ƙatuwa za a ɗauko.

Marigayiya ta bar caja guda mai ɗaurin roba a wuya, da jaka marar zif, da maɓalli biyu da suka faɗi tun tana raye, suna cikin gwangwani, da kaji bakwai da ba su san inda za su kwanta bana ba. Batirinta ya riga ta rasuwa da shekara huɗu.

Liman ya ce ba a yi wa kwamfuta salla, amma bai hana zama ba. Za a karɓi gaisuwa a zauren gidanmu Laraba da Alhamis, kuma ana roƙon masu zuwa kada su zo da ƙuli-ƙuli. Wanda ya shiga gaida Inna kada ya ambaci toka. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kamaruddeen zai zo ya ɗauki gawar zuwa shagonsa, inda za a raba sassanta ga mabuƙata. Kafin ya tafi zai saka faifan cikin Ƙatuwa a tsakar gida, a gaban Inna, wadda ta ce za ta dama kunu. Idan an danna, muna roƙon jama'a kowa ya riƙe tarinsa, domin tari biyu muke jira mu ji.