Jitar Bahago

A gwanjon intanet na ci wata tsohuwar jita, abin kiɗan nan mai tsirkiya. Mai ita ya rubuta cewa kowa zai iya kaɗa ta, sai da ta iso tashar Rogo na gane ta bahago ce. Da na yi masa magana, ya ce in mayar masa.

Na ƙi. A majalisa na bayyana wa abokaina, cikin natsuwa, cewa mai koyo ba shi da dama ko hagu, hannu kuwa bawan mai shi ne. Na yi ta horar da hannun hagu har ya fara riga na dama motsi.

Ranar ɗaurin auren ƙanena a Ƙaraye, ni aka wakilta in miƙa wa waliyyin amarya goro. Da hagu na miƙa. Dattijon ya dubi hannun, bai karɓa ba, ya ce, "Yaro, ɗayan yana hutu ne?"

An dai ɗaura auren. Har yau ban iya kiɗa ko ɗaya ba, amma duk wanda na miƙa wa hannu a majalisa sai ya ce, "Bahago, yau wanne ke aiki?"