Rasuwar Rular Lissafin Malam Ambrose

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Manasse Dzarma, malamin kimiyya mazaunin Wulari a Maiduguri, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar rular lissafin da ke hannuna, wadda ɗalibai ke kira Yagana. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce, a kan teburina, kuma ni ne sanadi.

Ga waɗanda ba su santa ba, marigayiya 'yar siririya ce, jikin gora, fuska fara mai cike da lambobi. Tana da harshe a tsakiya wanda ake ja hagu da dama, sai ta yi ninki ko rabawa kafin mai alƙalami ya gama gyara zama. Ba ta da yawan magana. Iyakarta "shiii" idan an ja harshen, da "ƙas" idan an mayar.

Ba tawa ba ce. Ta abokin aikina ce, Malam Ambrose Ogbonna, wanda ya koya mini cewa man fetur ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa, cikin ramukan dutse yake maƙale kamar ruwa a soso. Mun haɗa akwatin gilashi, muka cika shi da yashin kogin Ngadda, muka jiƙa yashin da man gyaɗa. Sai mu tura ruwa mai shuɗi ta ƙasa, mu ga yadda yake koro man zuwa sama. Aikin marigayiya shi ne ta faɗi lokacin da man zai ɗauka tun ba mu buɗe famfo ba. Ambrose ya yi imani wata rana za a nemi irin wannan lissafi a nan ƙasar Borno.

Bara, da tashin hankali ya iso garin nan, na raka shi da matarsa Clementina tashar jirgin ƙasa, za su gudu garinsu a kudu. Ya zaro rular daga aljihun riga ya danƙa mini. Ya ce in ci gaba da aikin, in kuma riƙa shafa mata hoda a harshe lokacin zafi, zai dawo ya karɓa. Tun da yaƙin basasa ya ɓarke ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Rashin lafiyarta gajere ne. Na sauya yashi, na yi lissafi, amsar ta ninka abin da akwatin ya nuna sau goma. Na sake, haka. Na sake, ba ta canja ba. Raina ya ɓaci, na ce tsufa ya kama ta, na maka ta da gefen tebur. Ta ce "ƙas" na ƙarshe, harshen ya rabu biyu.

Matata Dorothy ta shigo ta tsince gutsattsarin a gefen zanenta. 

Washegari na bi lissafin da hannu. Lambobin da ta ba ni daidai suke, ɗaya bayan ɗaya. Ita rula ba ta sa ɗigon da ke tsakanin lambobi, mai riƙe da ita ke sawa, ni kuwa na ajiye shi a gurbin da ba nasa ba. Gaskiya ta faɗa mini har sau uku.

Ta rasu ta bar kubenta na fata, da ɗan gilashinta mai layi siriri kamar gashi wanda ya tsira da tsagewa, da akwatin yashi da yanzu ba mai yi masa magana. Ta kuma bar maigidanta, in Allah ya sa yana raye.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a gindin dalbejiyar bayan gidana. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su ce mini ƙaddara ce, kada kuma a kawo mini sabuwa. Ba'ana kafinta ya yi ɗan akwati, Dorothy ta ba da farin ƙyalle. Ramin ba zai yi zurfi ba, kuma ba za a shafe shi da siminti ba, domin har yanzu ba a sanar da mai ita ba.