Ranar da Aka Zana Zuciyata a Ofishin Safiyo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zana zuciyata a gaban mahaifin Binta ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. 'Yar ƙanwata ce ta tono mini ita kwanan nan. Aikin zane take yi a kwamfuta. Ta nuna mini hoton fure, ta danna wani wuri, furen ya ɓace, rubutu ya fito: lambobi da umarni, kowanne a killace cikin 'yan alamomi masu tsini. Fara daga nan, ja layi zuwa can, lanƙwasa, rufe. Ta ce SVG ake kiransa, ɗan gidan wani tsarin rubutun kwamfuta ne mai suna XML, wato hoto a rubuce, duk na'urar da ta karanta sai ta zana shi. Na ce, "'Yata, ai ni na riga masu kwamfuta, kuma na ji a jikina."

A ƙarshen shekarun 1980 ni ƙaramin ma'aikaci ne a wani ofishin safiyo a Funtua. Aikina jan sarƙar awo a gonaki da rubuta lambobi. Maigidana Mista Bulus, mutumin wajen Malumfashi, shi ke zama da takarda mai gida-gida ya mayar da lambobin taswira. Ya ƙirga gidaje, ya ɗiga, ya sake ƙirgawa, ya haɗa ɗigo da ɗigo, sai ga gonar mutum ta fito har da kwanar da ta kauce wa kuka.

Amma hankalina ba a gonaki yake ba. Lokacin littattafan soyayya sun fara shigowa kasuwa daga Kano, babu wanda ban haddace ba. Ina tafiya ina kallon sama kamar wanda ake rubuta labarinsa. (Har gashin baki na ajiye saboda wani saurayi da aka zana a bangon littafi, duk da nawa sili bakwai ne.)

Binta 'yar Alhaji Sule ce, manomin auduga a wani ƙauye kan hanyar Dandume. Ta gama sakandare, ƙawar ƙanwata ce, ta hannunta take aron littattafaina. Wata shida ban iya ce mata komai ba sai, "Kin gama wancan?" Na ƙudurta sai na bayyana mata, amma ba da wasiƙa irin ta kowa ba. Samarin cikin littafi da hawaye suke rubuta tasu. Ni ma'aikacin safiyo ne, da lamba zan rubuta tawa.

Na zana zuciya a takarda mai gida-gida, irin ta bangon littattafan nan, kibiya ta soke ta. Na fitar da lambar kowane ɗigo, guda arba'in da biyu, na kwafe su a jere. Nufina in mun haɗu in raɗa mata ta samo littafin lissafi ta ɗiga su da kanta, a hankali zuciyata ta bayyana a ƙarƙashin alƙalaminta. Da na hango wannan sai da idona ya kawo ruwa, ni kaɗai a ofis.

Takardar ofis na kwafe su a kai, mai tambarin gwamnati. Gurbin mai fili na sa sunan Binta, gurbin wanda ya auna na sa nawa, har da sa hannu. Sannan ni daga saman takarda na fara ƙirga gidajena ina gangarowa, kamar yadda ake karatu. Masu safiyo kuwa daga ƙasa suke farawa su hau. Na san haka sarai, soyayya ce ta shafe mini. (Kwamfuta ma, in ji 'yar ƙanwata, daga sama take farawa. Ina ma ta zo da wuri ta ba da shaida.)

Na cusa takardar a littafi na aika. Ashe Binta ta tafi biki Danja. Mahaifinta ya ɗaga littafin daga kan tabarma, takarda ta faɗo. A lokacin kuwa ana ta raɗe-raɗin za a fitar da sabon titi ta cikin gonakin yankin.

Ranar Litinin da hantsi sai ga Alhaji Sule ya jingine babur, ya shigo da mai unguwarsu a baya. Bai ko dube ni ba, ya nufi Mista Bulus.

"Ranka ya daɗe, gonar nan tun kakana muke noma ta. Yaushe aka auna ta ban sani ba? Me kuma ya kawo sunan 'yata?"

Mista Bulus ya dubi sa hannun, ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ka auna wannan?"

"E… a'a… wato Oga, ba fili ba ne sosai."

"Ba fili ba ne sosai. To, bari mu ga ko mene ne sosai. Alhaji, zauna, yanzu za ka ga abin da aka auna." Ya jawo takarda mai gida-gida, ya miƙo mini tawa. "Karanto."

Ni da bakina na riƙa karanto lambobin. Tun a ɗigo na goma na gane abin da ke faruwa: tsinin da ya kamata ya dubi ƙasa yana can sama. Alhaji ya sunkuya yana bin fensir da ido.

"Wannan kwanar kamar ta wajen rafi ce," in ji shi.

"Anya, Alhaji?" in ji mai unguwa. "Gonarka ba ta da ƙugu haka."

Mista Bulus ya haɗa ɗigon ƙarshe, ya ja da baya. Ga curi biyu a ƙasa, suɓul-suɓul, da tsaga a tsakani, ga tsinke ya soki ɗaya. Har mai buga tafireta ta tsaya ta leƙo. Mai unguwa ya karkata kai hagu, ya karkata dama.

"Ni dai Allah ya gafarta mini, Alhaji, wannan mazaunan mutum ne. Ga shi ma ana yi masa allura."

Mista Bulus ya cire tabarau ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Alhaji bai yi dariya ba. Sai a lokacin ya juyo gare ni.

"Yaro, mazaunan wa ka auna ka rubuta sunan 'yata a kai?"

A littafi, nan ne saurayi ke miƙewa ya yi jawabin shafi uku, tsoho ya rungume shi. Ni hannu na miƙa na juya takardar.

"Baba, a kife take. Zuciya ce."

"Zuciyar wa?"

"Tawa, Baba." Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

Ya daɗe yana kallon zanen. "Na kusa shekara arba'in ina yanka ragon layya, ban taɓa ciro zuciya mai wannan siffa ba." Ya waiwayi maigidana. "Mista, gonata dai ba ta ciki?"

"Ko taku ɗaya, Alhaji."

"Alhamdu lillahi." Ya ninke zanen ya sa a aljihu. "Wannan zan kai wa mai filin."

Bayan mako guda littafina ya dawo, da 'yar takarda daga Binta a ciki. Na yi alwala kafin in buɗe. "Yaya, na ga hoton. Baba ya nuna mini shi yadda ya fara fitowa. Allah ya ba ka lafiya, a daure a gama allurar." Ba ta ƙara aron littafi ba. Bayan kaka ta auri wani tela a Danja, wanda aka ce tsayawa kawai ya yi a ƙofar gidansu ya ce yana son ta, babu ɗigo ko ɗaya.

Tun daga nan na san in kana son mutum, ka buɗe baki ka faɗa masa. In kuwa ka nace sai da lamba za ka aika, to don Allah ka rubuta a saman takardar cewa nan ne sama.