Rasuwar Baƙa, Tukunyar Gas Mai Cin Totuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu wanda har yau toka ba ta gama fita daga farcensa ba, Auta mai niƙa yake sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da duk macen da ta taɓa sauke kwano a rumfarsa, rasuwar Baƙa, tukunyar gas da ta juya masa injin niƙa shekara huɗu da wata biyu. Ta cika ranar Talata da rana tsaka, a hannun wanda aka bar wa amanarta. Ba tsufa ba ne, ba kuma tsatsa ba ce. Za a zo kan wannan a hankali, don marigayiyar ma ba ta son gaggawa.

Ga wanda bai san ta ba, Baƙa ganga ce doguwa da ke tsaye a bayan rumfa. Ana zuba mata busasshiyar totuwar masara ta sama a rufe, wuta na cinta can ƙasa a hankali, iska kuwa ta 'yan hudoji uku kawai take shiga, kowace kamar kan ɗan yatsa. Da yake ba a ba wutar iskar da za ta tashi, sai totuwar ta dahu maimakon ta ƙone. Hayaƙinta ya bi ta wani matsattsen ƙarfe mai zafi da ake ce wa maƙogwaro, ya fito gas, ya huce a bututu, a tace shi ta garin katako da tsumma, ya shiga inji. Sirrinta ke nan duka: wutar da aka hana wa iska. Auta bai yi nisa a makaranta ba, amma wannan ya gane shi, ya kuma faɗa wa duk mai kunne.

Maƙogwaron nan Baba ne ya ƙera shi, Allah ya jiƙansa. A lokacin da gida duka ke dariyar Auta da gangarsa, tsohon ya tashi da rawar hannunsa ya shiga maƙera, ya yi kwana tara a kan ƙarfe ɗaya. Da ya gama ya buga masa ɗigo uku, alamar da yake sa wa kowace fartanya tasa. Bai sake ɗaukar guduma ba bayan nan.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa sa Auta bin layi a gidan mai ba. Abin da akuya ta sunsuna ta wuce, shi ne abincinta. In ta ci kuma sai ta mayar da alheri: gawayi mai laushi da Inna ke zubawa a lambunta, da baƙin ruwa mai kauri da ake shafa wa turakun rumfa, gara ta gan shi ta juya. Da safe in an kunna ta takan yi "fuuu" mai tsawo kamar mai miƙa, sai "buf" in gas ya kama, daga nan inji ya amsa mata da "tuf-tuf-tuf" har la'asar. Aibinta ɗaya ne, kuma ba za a ɓoye ba: hayaƙin minti goma na farko. Telan da ke maƙwabtaka ya shekara huɗu yana kirga mata wannan minti goman, bai taɓa kirga sauran yinin ba.

Yanzu ga yadda ciwon ajali ya zo.

Ranar Talata Auta ya kai Inna a duba mata ido. Kwanukan mata sun cika rumfa, bai so ya kashe wuta ba, sai ya je maƙera ya durƙusa ya roƙi Yayansa, magajin gudumar Baba, ya leƙa masa. Abu biyu ya roƙa: a ƙara totuwa sau biyu, a girgiza ragar toka sau ɗaya. Ya faɗa, ya maimaita, har Yaya ya ce masa shi da wuta tun Auta na goye suka san juna.

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya kashe ta ke nan. Yaya ya leƙa ta ramin dubawa, ya ga wuta ja jawur a kwance ba harshe, ba rugugi. A wajen maƙeri wutar da ba ta kuka maras lafiya ce. Matan da suka kawo niƙa sun shaida sun ji yana cewa a gidansu ba a barin wuta da yunwa, wai yaron nan ya shekara huɗu yana shaƙe ta. Ya koma maƙera ya ɗauko zugazugi, ya faɗaɗa huda ɗaya ya cusa bakin zugazugin, ya zauna ya yi abin da ya fi iyawa a duniya. Sun ce ya zuga da kyau. Ba wanda ya taɓa cewa Yaya bai iya zuga ba.

Gas ɗin da ya kamata ya je inji ya ƙone a cikin cikinta. Gefen ganga ya yi ja. Ta yi "ƙur-ƙur-ƙur" irin wanda ba a taɓa jin ta da shi ba, inji ya yi tari biyu ya tsaya, maƙogwaro ya narke ya zauna a kan raga kamar kitse. Da Auta ya dawo riƙe da hannun Inna, ya tarar da mata suna kwashe kwanukansu ba mai kallon idonsa.

Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Amma yana so a rubuta abin da ya ji a kwana ukun nan. Ya ji an ce ajalinta ne ya zo. Ya ji an ce ganga ce kawai, ana ta kuka kamar an rasa mutum. Ya ji matar Yaya tana cewa dama abin da ba ya cin mai ba inji ba ne. Ya kuma ji tayin Yaya: a ba shi gawar ya yanka ya yi murhu huɗu, shi kuwa Auta ya rufe rumfa ya dawo maƙera, akwai wurin mai zuga. Abin da bai ji ba har yanzu shi ne, "Ni na yi."

Ana godiya ga masu ta'aziyya. Tela ya zo, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen riƙe fuskarsa. Mai sayar da dizal ya zo sau biyu, da jarka a bayan babur duka biyun. Allah ya ba kowa ladan abin da ya kawo shi.

Marigayiya ta bar inji ɗaya, lafiyarsa lau amma bakinsa a rufe. Ta bar bututu, da matatar gas guda biyu, da totuwa ɗaki guda da ba mai ci sai ita. Ta bar lambun Inna, da matan da yanzu suke tafiyar rabin yini da kwano a ka. Ta bar Auta, wanda ya wanke maƙogwaron da hannunsa ya ga ɗigo biyu sun tafi, ɗaya ya rage.

Jana'iza ranar Asabar da hantsi, a bayan rumfa. Tokarta da gawayinta na ƙarshe za a binne su a lambun Inna, a gindin barkono. Gangar jikinta tana nan inda take, ba za ta zama murhun kowa ba, rumfa kuma ba za a rufe ta ba. Maƙogwaron za a ajiye shi a kan benci a gaban jama'a.

An tanadi kujerar gaba don Yaya, kusa da Inna, wadda idonta ya washe yanzu. Ana roƙonsa cikin ladabi ya zo, ya ɗauki ƙarfen ya juya shi, ya faɗi da bakinsa abin da ya faru. Sannan ya auna shi saboda a ƙera sabo, don duk faɗin wurin nan ba wanda Baba ya koya wa irin wannan ƙira sai shi, kuma Auta ya san haka, shi ne ma abin da ya fi ci masa rai. Ya zo da gudumarsa, ya bar zugazugi a gida.

In ya ƙera sabo, ya sa masa alamarsa. Kada ya buga ɗigo uku. Na Baba ne, kuma ya riga ya narkar da biyu.