Huji Huɗu a Cikin Ciyaman

Idan ana maganar manyan mutane a kasuwar kayan gini, to kowa ya gyara zama, Ciyaman ne zai shigo. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da ƙungiyar masu shaguna, kuma bai taɓa buɗe taro ba sai ya ba da tarihin kansa, tun daga buhun simintin da ya fara sayarwa. A bayan idonsa Sha-Tafi ake kiransa, domin in ya kai ƙarshen magana sai ya dakata, ba zai ci gaba ba sai an tafa. Mutum ne mai sauƙin kai ƙwarai. Shi da bakinsa ya faɗa, har sau uku a jawabi ɗaya.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, wato Mataimakinsa. Shekara biyu da suka wuce an yi wa Mataimaki tiyata irin ta da, aka tsaga shi daga ƙirji har cibiya, ya yi wata ɗaya da rabi a gadon asibiti, kasuwa ta yi ta tururuwar dubiya. Tun daga nan, in gardama ta yi zafi sai Mataimaki ya dafa ciki ya ce shi fa ya leƙa lahira ya dawo, sai jikin kowa ya yi sanyi. Ga zaɓen ƙungiya saura mako uku, kuma an ce Mataimaki zai tsaya.

Ana cikin haka aka gano duwatsu a matsarmamar Ciyaman, likita ta ce sai an cire ta. Da wani ne da hankalinsa ya tashi. Ciyaman kuwa abin nema ya samu, shi ma zai leƙa lahira, kuma daidai lokacin zaɓe. Da likita ta ce da na'urar mutum-mutumi za a yi aikin, sai ya tara 'yan kasuwa a ƙofar shagonsa.

"Wasu da wuƙa aka yi musu," in ji shi, yana kallon shagon Mataimaki. "Ni kuwa mutum-mutumi ne mai hannu huɗu zai yi nawa. Ciki irin wannan ba kowane hannu ke shigarsa ba."

Likita ta yi iya ƙoƙarinta ta fahimtar da shi. Ta ce na'urar ba ta da wayon kanta, ita ce za ta zauna gaban allo tana sarrafa ta. Ƙaramar kyamara za ta nuna mata cikin ya fito manya-manya, hannuwan na'urar ba sa rawa, kuma suna lanƙwasa inda hannun mutum ba ya kaiwa. Ta ce ba tsagawa, ƙananan huji ne, jini kaɗan, zafi kaɗan, sallama da wuri. Wannan na ƙarshen bai shiga kunnen Ciyaman ba, yana waya yana tsara masu dubiya: Litinin masu ƙarfe, Talata masu fenti, Laraba masu tayil, haka har ranar zaɓe.

Da ya farfaɗo bayan an gama aikin, tambayarsa ta farko ita ce leda nawa ta jini aka ƙara masa. Nas ta ce ko ɗaya. Ya ɗaga riga yana neman ɗinki mai tsawo, sai ya tarar da filasta huɗu, kowacce ba ta kai babban yatsa ba. Da yamma nas ta sa shi ya tashi ya taka, ya kuwa taka, abin haushi ƙafafun ba su ko yi gardama ba. Washegari aka kawo takardar sallama. Ciyaman ya ji a ransa an cuce shi.

"Likita, ki duba girmana. Mutum kamata a sallame shi kamar wanda ya zo cire haƙori? A ƙara min ko mako biyu."

"Ranka ya daɗe, amfanin aikin ke nan," in ji likita. "Kuma akwai mai jiran gadon."

Masu ƙarfe sun iso asibiti suka tarar ana canza zanin gado.

Amma babban mutum ba ya rasa dabara. Yana isa gida ya aiki matarsa kantin magani ta sayo bandeji shida, ya sa ta naɗe shi tun daga hammata har ƙugu. Aka fito da gado falo. In ba baƙo, Ciyaman ya tashi zaune ya share kwano tas, har ya zaga bayan gida ya yi wa mai wankin mota faɗa. Da an taɓa ƙofa sai ya zube, ido ya juye, murya ta shaƙe.

"Maigida, ramin ƙarya fa ƙurarre ne," in ji matar.

"Ke, siyasa ba girki ba ce. Ja min bargon."

Masu dubiya suka yi ta zuwa kamar yadda aka tsara, shi kuma yana yi musu jawabi da 'yar siririyar murya. "Awa tara na'ura tana fama da ni. Likitoci sun ce da wani ne da tuni an manta da shi. Amma ko a cikin suma, ƙungiya nake ambata." Kullum awannin ƙaruwa suke, ranar masu tayil sun kai goma sha huɗu. Har da masu share hawaye. Ciyaman ya ga kujera ta dawo hannu, daɗi ya cika shi.

Saura kwana uku zaɓe, dattawan ƙungiya suka zo, Baba Mai-Fenti a gaba, Mataimaki a baya. Suka zauna. Ciyaman ya ƙara nishi.

"Ranka ya daɗe, jiya mun zauna," in ji Baba. "Mun ga rashin tausayi ne mu ɗora maka nauyi a wannan hali. Mun cire sunanka daga takara, an rufe takarda. Mataimaki zai riƙe. Kai dai ka ji da jikinka."

Mataimaki ya dafa cikinsa cikin juyayi. "Na san ciwon nan. Yakan ɗauki shekara."

Mutumin da aka ce ko cokali ba ya iya ɗagawa sai ga shi tsaye a tsakiyar falo, bargo a ƙasa. Ya kama bakin bandeji ya shiga warwara yana juyi, bandeji shida kuwa ba sa ƙarewa da wuri, dattawa suna zaune suna kallo.

"Ku duba! Lafiyata ƙalau! Tun ranar da aka yi aikin nake tafiya da ƙafata!"

Baba Mai-Fenti ya ciro tabarau, ya sunkuya, ya duba tumbin daga dama zuwa hagu bai ga komai ba, sai da matar ta nuna masa da yatsa. Ɗigo huɗu ne, har sun bushe.

"'Yata, ki ba ni lambar likitan nan," in ji Baba. "Shekara biyu ina gudun tiyata saboda tabon Mataimaki."

"Takardar fa, Baba?" in ji Ciyaman, murya ta dawo garau.

"Jiya don ciwo muka cire ka, har muna jin nauyi. Yau ka sauke mana nauyin." Baba ya naɗe tabarau ya miƙe. "Amma gaskiya na'urar nan gwana ce. Ta shiga ta fita ba ta taɓa komai naka ba. Yadda muka san ka, haka ta dawo mana da kai."