Gwiwar Kawu Shihata

"Ni Shihata, kwamfuta ce za ta yanka mini gwiwa daidai jikina, ba irin ta kanti da ake liƙa wa kowane ƙauyus ba!"

Haka Kawuna, yayan Mama, ya yi ta shela a gidan shayin layinmu a Tanta, har masu buga domino suka sauya teburi. Don Allah in kun karanta ku yi shiru, a gidanmu yake cin abincin rana.

Kawu dai ƙafar baka gare shi, irin wadda in ya tsaya a ƙofa kana hango titi ta tsakani. Ga shi yana neman auren Hajiya Insaf, bazawara mai gidan burodi. Ya rantse mata ciwo ne ya lanƙwasa shi, wai da ƙuruciya miƙe yake kamar rake. Ta ce, "To, a yi aikin mu gani."

Ranar ganin likita ni na riƙe masa jaka, Hajiya ma ta raka mu. Dakta Mirbat ta juyo mana da allon kwamfuta.

"Hajji, ba miƙe kowa muke yi ba. Kwamfuta za ta auna ƙashinka, ta cire abin da ciwo ya ci, mu dasa sabuwar gwiwa yadda ƙafarka take tun asali."

"Madalla!" in ji Hajiya. "Rake zai dawo."

"Madalla," in ji Kawu, gumi na bin gashin bakinsa.

Sai Kawu, Sarkin Dabara, ya shiga aiki. Wajen ɗaukar hoton ƙashi ya matse gwiwoyi har jijiyar wuya ta fito. Mai hoto ya ce, "Baba, saki jikinka, ba ɗaurin aure ba ne."

Kawu ya dawo da hoton wani soja santalele, wai shi ne da ƙuruciya. Kawu Fikri ne, ƙaninsa, har da tabon goshi. Likita ta ce, "Ma sha Allah. Amma kwamfuta ƙashi take karantawa."

Sai ya kai wa saurayin da ke kan kwamfutar ƙaton kwalin alewar Tanta, ya kashe masa ido.

"Ɗana, ka ɗan taɓa ta. Ka gane ai."

"A kan idona, Hajji!"

A garinmu ko mai gyaran famfo haka yake cewa in zai yi maka alkawari, sannan ya ɓace wata guda. Amma Kawu ya dawo yana cewa, "Na saye kwamfutar!" Ya rabar da jallabiyoyinsa, ya ɗinko wando tsuke.

Aka yi aikin gwiwoyin duka biyun. Ranar sallama ya tara mu har da Kaka Zannuba, mahaifiyarsa, wadda ba ta ji sosai, don haka da ihu take magana. Ya sa wandon, ya dafa sandunan asibiti, ya miƙe.

Jama'a! Da jallabiya ce da ta rufa asiri. Wandon nan kuwa ya bi baka ya zana shi tsaf.

"An yi mini maguɗi!" in ji Kawu.

"Ciwon nan na da, kana jin sa?" in ji likita.

"A'a, amma…"

"To aiki ya yi kyau. Ƙafarka ce ta haihuwa, ba ragi ba ƙari."

Kaka ta tafa hannu. "Wallahi ita ce! Sak ta uban! Ungozoma ma sai da ta yi salati!"

Na cusa fuskata cikin jakarsa don ɓoye dariya. Hajiya Insaf ta gyara mayafi a hankali.

"Ni ƙafa ba ta taɓa damuna ba, Shihata. Likita, kwamfutar taku tana gyara harshe?"

"Mu dai mayar da abu muke yadda aka haife shi, Hajiya."

"To kar ku ɓata wutar lantarki!" Kaka ta ƙwala. "Shi ma harshen a haka na haife shi!"

Hajiya ta ɗauki burodin da ta kawo dubiya, ta fita da abinta.